Sana'ar Zoɓo a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

A da, da wuya ka ga manomin da ya ware wa yakuwa gona sukutum. A garuruwan yankin Dutsin-Ma da Kurfi, wurinta gefen gona ne, kan iyaka, ko tsakanin kunyoyin gero da gyaɗa. Maigida ya yafa irin da damina, mata su tsinki ganye su yi miya da kwaɗo. Idan kaka ta yi, aka kai gero gida, sai a koma kan jajayen kwansunan da suka cika reshe. Daga nan aikin ya koma hannun mata da yara: a zauna kan tabarma a ɓare ɓawon daga ƙwallon da ke ciki, hannu na ƙaiƙayi saboda ƙananan gashin da ke jikinsa, yatsu sun rine. Ɓawon a shanya, shi ne zoɓorodo. 'Ya'yan kuma, gurguzu, a ajiye na iri, sauran a yi daddawar batso. Ba abin da ake zubarwa.

Mai sana'ar zoɓo tun daga bakin buhu take fara aikinta. Takan damƙi zoɓorodon ta ji ko ya bushe ƙarau, ta sunsuna ko akwai warin ruma, ta karkaɗe tafin hannunta ta ga yawan ƙasar da ta rage. Akwai mai duhu, wanda jansa ya kusa komawa baƙi, akwai kuma mai haske. Mai duhun shi ke ba da kala da kauri, mai hasken ya fi tsami. Gwanaye sukan haɗa biyun, kowace da nata awon, kuma ba kowa take faɗa wa ba. Farin zoɓorodo kuwa yawanci na miya ne. Da tiya ake saye, amma wadda ke da ɗan jari buhu take kamawa tun da kaka, lokacin da yake araha, ta jingine a ɗaki don watan azumi.

Wanki ne matakin da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi. An shanya zoɓorodon nan a ƙasa, iskar hunturu ta yi ta watsa masa rairayi, don haka dole a wanke shi. Amma da ruwan sanyi, kuma da sauri, domin da zarar ya daɗe cikin ruwa kalarsa ta fara bin ruwan wankin. A ɗauraye sau biyu, a tsame, shi ke nan.

A wurin dahuwa ake gane wadda ta iya. Da yawa sukan haɗa komai cikin tukunya su bar shi yana ta tafasa har ruwan ya yi duhu, suna ganin ta haka ne zai yi auki. Abin da ke fitowa zoɓo ne mai bauri, wanda jansa ya dushe. Gwana ba haka take yi ba. Citta da kanumfari da ɓawon abarba su take fara zubawa, don su ke buƙatar wuta kafin su saki ƙamshinsu. Sai sun tafasa sosai, gida ya ɗauka, sannan ta zuba zoɓorodon, ta ba shi 'yan mintoci, ta janye itace, ta rufe tukunyar. Wasu ma ba sa ɗora shi a wuta sam: tafasasshen ruwa suke kwarara masa da dare, su rufe, da asuba su tace. Wannan ruwan fari shi ne mai daraja, ja wur, idan ka ɗaga kofin gilas ka hangi haske ta cikinsa. Ana sake zuba ruwa a kan tukar a samu na biyu, da shi ake sirka na farin. Wadda ta kai ga ruwa na uku ta fara cutar masu saye.

Kayan ƙamshi kuma ba a cika musu hannu. Kanumfari kaɗan ya isa babbar tukunya, in ya yi yawa sai zoɓon ya koma kamar maganin haƙori. Citta ana so a ji ta a maƙogwaro bayan an haɗiye, ba a kan harshe ba. Masu son yaji sukan ƙara masoro ko kimba. Na'a-na'a ba ta son wuta ko kaɗan, sai an sauke ake jefa ganyenta a rufe. Naman abarba da kokumba ana markaɗa su ne daban, a tace, a zuba bayan zoɓon ya huce. Kankana na ƙara daɗi amma ba ta kwana, duk zoɓon da aka sa mata a sha shi a ranar. Sukari a zuba tun da sauran ɗumi don ya narke, a tace da rariya, a sake tacewa da farin yadi mai tsabta.

Ka lura da nisan da kayan tukunyar nan suka yi kafin su haɗu. Abarba daga kudu take zuwa. Kanumfari daga ƙetare, irin su Zanzibar da Madagaska. Citta daga kudancin Kaduna, wajajen Kachia, shi ya sa da cuta ta afka wa gonakin citta a can a daminar 2023, mai zoɓo a ƙauyen Katsina ta ji a jikinta. A shekarar ce kuma aka janye tallafin man fetur, sukari da kuɗin mota suka haura. Mai saye kuwa bai yarda a ƙara masa kuɗin robar zoɓo ba.

Nan ne sana'ar ta fara samun tawaya, kuma abin yana damuna. Tsami shi ne ran zoɓo, amma shi ne kuma ke cin sukari. Mai neman sauƙi sai ta jefa kanwa ta kashe tsamin, don sukari kaɗan ya wadatar. Ɗan ƙiris ba laifi, iyayenmu ma suna yi, amma in ta yi yawa nan take jan ya rikiɗe ya yi baƙi-baƙi, ɗanɗanon ya yi lami. Sai a bi da garin kala a maido da jan, a bi da filebo a maido da ƙamshin abarbar da ba a sa ba, a bi da sinadarin zaƙi mai barin ɗaci a baki. A ƙarshe abin da ke cikin robar ruwa ne mai launi. Ban raina uzurin mai yin haka ba, na san da ribar take sayen sabulu da littafin makarantar yara. Amma garin da ake aunowa a ƙulle cikin leda, babu suna babu kwanan wata, haɗari ne na gaske. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan shan abin sha da aka haɗa da gurɓataccen garin da aka sayar da sunan ɗan tsami, har hukumar NAFDAC ta shiga bincike. Mai zoɓon da ke da lemun tsami da tsamiya a kusa ba ta da buƙatar wannan garin.

Bayan haka sai ruwa da sanyi. Ruwan da aka dafa zoɓon da shi ya tafasa, amma wanda ake sirkawa da shi fa? Da na wanke robobi? Galibin robobin na lemon kwalba ne da aka sha aka yar, yara suka tsinto. Mai tsoron Allah takan jiƙa su da ruwan zafi da omo, ta sa burushi har cikin murfi, ta kife su bushe. Sanyi kuma sai yadda wutar lantarki ta ga dama. In babu wuta a sayi ƙanƙara a jera a kula, ribar ta tafi can. Zoɓon da ya wuni cikin zafin bazara ba sanyi zai fara kumfa, roba ta kumbura, ka buɗe ta yi fus. Ya tashi ke nan, sai zubarwa. Shi ya sa 'yan shekarun nan duk wadda ta ɗauki adashe mai kauri, firjin sola take hange.

Kasuwar kuwa tana nan. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, garin ya cika da ɗalibai masu neman abin sanyi mai sauƙin kuɗi. Ga tasha, ga ranar kasuwa, ga biki da suna, inda uwar amarya kan aiko tun ana saura mako a yi mata roba kaza. A ƙauye kuwa ba allo ba shago. Yaro ne zai yi sallama a zaure ya shigo tsakar gida: "Gwaggo, ina wuni? Wai in ji Baba a ba shi zoɓo, mai sanyi, kar a ba shi na jiya." Da azumi tun la'asar ake layi, kuma a watan ne mace kan samu abin yi wa 'ya'yanta ɗinkin salla ba tare da ta fita ƙofar gida ba. Dattawa masu hawan jini sukan ce a yi musu marar sukari, kuma binciken likitoci ya nuna zoɓo na ɗan sauko da jini, ko da yake ba ya maye gurbin maganin asibiti.

Yanzu mai zoɓo ta samu abokin takara a bakin buhu. Zoɓorodon Jigawa da Kano da Katsina ya zama hajar fita waje, ana loda shi a kwantena zuwa Meziko, inda su ma jiƙa shi suke su sha da ƙanƙara. Dillalai na bin kasuwannin ƙauye suna kwashewa tun da kaka, manomi ya ji daɗin farashi, har wasu sun fara ware masa gona guda. A ɗaya ɓangaren, matsalar 'yan bindiga ta hana mutanen Kurfi da Safana da Batsari noma gonakinsu na nesa shekaru da dama. Matar da ba ta kama buhunta da wuri ba, tiya-tiya za ta riƙa saye da tsada a hannun ɗan kasuwa, daidai lokacin da sukari ma ke tashi saboda gabatowar azumi.