Ƙwan LED Da Zafin Waya

Ƙwan LED na rage kuɗin wuta, amma da abin lura. Wutarmu, a Najeriya da Nijar, tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Shi LED ba ya shan ta sannu a hankali, fizga yake yi. Fizgar nan kan haifar da ƙarin kaɗawa, musamman mai sau 150. A layi mai fes uku, irin na kasuwa ko otal, waɗannan ba sa kashe juna, taruwa suke a wayar nutural. Sai waya ta ɗau zafi, wuta ta salwanta, har roba ta narke. To, kada mai wayarin ya sa muku siririyar nutural. Ku kuma guji ƙwai mai arahar banza.