RAM ko Ma'adana: Wacce ce Ke Jan Ƙafar Kwamfutarka?

Da zarar kwamfutar gida ta fara nauyi, yawancin mutane sai su yanke mata hukunci cewa ta tsufa, a nemi sabuwa. Wasu kuma su hau goge hotuna da finafinai, suna zaton cika ta yi. Sau da yawa ciwon yana wani wuri daban, kuma kuɗin maganinsa bai kama ƙafar kuɗin sabuwar na'ura ba. Matakin farko shi ne bambance abubuwa biyu da ake yawan haɗa su a suna ɗaya: RAM da ma'adana.

Ma'adana ita ce mazaunin Windows da manhajoji da takardu, suna nan ko da an kashe na'urar. RAM kuwa wurin aiki ne na ɗan lokaci, inda ake ɗora duk abin da ka buɗe. Kamar rumbu ne da ƙwarya: hatsi yana rumbu, amma mai girki da abin da ta ɗebo a ƙwarya take aiki. Idan ƙwaryar ƙarama ce, dole ta yi ta safa da marwa zuwa rumbu. Haka kwamfuta take yi idan RAM ta cika: sai ta ari wuri a ma'adana, wadda ba ta kai ta sauri ba, sai komai ya maƙale. RAM ba ta riƙe komai sai da lantarki, shi ya sa rubutun da ba a adana ba yake salwanta idan aka ɗauke wuta a kan kwamfutar tebur.

Kafin ka kashe ko sisi, tambayi na'urar da kanta. Buɗe ayyukan da ka saba yi, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito. A sashen Performance za ka ga yawan RAM da ake ci da kuma wahalar da ma'adana take sha. Idan RAM ce ke dab da cika, ita za a ƙara. Idan kuwa ma'adana ce ke tsaye a kashi 100 cikin 100 alhali RAM tana da sarari, to ita ce matsalar.

A tsofaffin laftof na hannu irin su HP, Dell da Lenovo, ma'adanar ce ta fi zama sanadi. Tsohuwar ma'adana, HDD, faifai ne ke juyawa a cikinta sau 5,400 ko 7,200 a minti, da hannu mai karanta shi, kuma da ƙyar take wuce megabait 150 a daƙiƙa. Sabuwar ma'adana, SSD, ba ta da abin da ke motsi. Mai shiga ramin SATA takan kai kusan megabait 550, siririyar NVMe kuwa takan haura 3,000. Musanya HDD da SSD, ko mai gigabait 256 ce, yakan sa na'urar ta kunnu cikin daƙiƙoƙi, kuma SSD ta fi jure girgiza da faɗuwa. Tsohuwar HDD ɗin ma ba asara ba ce: a sa ta a ƙaramin akwatin USB ta zama wurin ajiyar kwafi.

Sayen RAM yana son lura. Nau'o'inta, DDR3 da DDR4 da DDR5, ba sa shiga ramin juna, domin tsagar da ke bakin kowacce a wurinta daban take. Ta laftof gajera ce, ta kwamfutar tebur doguwa. Kowace na'ura tana da iyakar abin da za ta ɗauka, don haka a duba lambar samfurinta tukuna. Wasu siraran laftof, har da MacBook na zamani, an liƙe musu RAM tun daga masana'anta, babu damar ƙari. Windows mai bit 32 kuma ba ya iya amfani da fiye da gigabait 4. Ga rubutu da intanet da karatun yara, gigabait 8 sun wadatar. Mai tace bidiyo ko zane ya nemi 16.

Ranar aikin, a fara kwafe muhimman takardu zuwa wani wuri. A kashe na'urar, a zare caja da batir, a taɓa ƙarfe don sauke lantarkin jiki, kuma a riƙe RAM ta gefe, kada yatsa ya taɓa haƙoranta masu ruwan zinare. Idan SSD ta hannu ce, a sa mai gyara ya gwada lafiyarta da manhaja irin CrystalDiskInfo a gabanka.

Gyaran yana da iyaka. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11, ban da RAM gigabait 4 da ma'adana gigabait 64, yana bukatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesa ta baya-bayan nan, abubuwan da ƙarin RAM ba zai kawo ba. Don haka a tabbatar na'urar tana da sauran tafiya kafin a zuba mata kuɗi. Idan tana da ita, SSD ɗaya da sandar RAM ɗaya za su iya ba ɗalibi ko ƙaramin ɗan kasuwa ƙarin shekaru na aiki, sauran kuɗin kuma su tafi ga wata bukatar gida.