Asma'u da A'isha: labarin da ya cancanci a zana wa yaran Gobir

A makarantun boko na gundumar Gidan Rumji, cikin jahar Maraɗi, sau da yawa in yarinya ta buɗe littafi mai hotuna sai ta tarar da Faransanci da matan wasu ƙasashe. Alhali kuwa a ƙofar gidansu akwai labarin da ya isa a zana.

An haifi Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usumanu ɗan Fodiyo, a Degel ta ƙasar Gobir cikin shekara ta 1793. Ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ce ta kafa ƴan taru, watau matan ƙauye da kan zo wurinta ɗaukar karatu, su haddace waƙoƙi, su koma gida su koya wa ƴan'uwansu. Kowace ƙungiya tana da shugaba da ake kira jaji, wadda Asma'u ke ɗora wa malfa.

Wannan malfa ba baƙuwa ba ce ga Gobirawa, domin alama ce ta Inna, uwar matan Gobir. Har yau akwai sarautar Inna a Tsibiri, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, nan cikin gundumar Gidan Rumji. Maza suna yaƙi da juna, amma malfa ta ƙetare iyaka.

Asma'u ba ta yi zaman kaɗaici ba. Tana da aminiya, A'isha, matar ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tare suka sha wuyar hijira da shekarun yaƙi, tare suka tsufa. Da A'isha ta rasu a 1855, Asma'u ta yi mata waƙar makoki mai ratsa zuciya. Ita ma ta cika a 1864.

Gani ya kori ji. Yarinyar da ta ga hoton mata biyu zaune da allo da tawada, ga jaji da malfarta ta nufo su, za ta gane karatun mata ba baƙon abu ba ne, iyayenta ma haka. Wannan na iya hana a fidda ta makaranta tun ba ta ƙare ba.

Saura aiki ga malamai da masu zane da ma'aikatar ilimi, su fitar da irin wannan littafi da Hausa, ya isa hannun yara har ƙauyuka.