Yadda Ake Sa Yaro Ya Tashi Sama A Fim

Jiya ƙanwata ta tsare ni da tambaya, wai ya ake yi yaro ya tashi sama a fim? Na ce bari in warware mana gaba ɗaya.

Yaron ana ɗaukarsa ne a gaban koren ƙyalle. A kwamfuta sai a cire koren, a saka gajimare a bayansa. An zaɓi kore ne don ya yi nisa da launin fatar mutum. Amma fa idan ya sa koriyar riga, kai da hannaye kawai za ka ga suna yawo!

Wahalar tana wajen fitar da hotunan. Fim yana cin hoto 24 duk sakan, minti ɗaya hoto 1,440 ke nan. Idan kwamfutarka tana minti 2 a kan kowane hoto, awa 48 za ka jira, ga ɗauke wuta. Ni sau biyu aikina yana lalacewa a haka.

Amma kar ka karaya. Fim ɗin Flow, na magen nan da ambaliya ta rutsa da ita, 'yan tsirarun mutane ne suka yi shi da Blender, manhajar da ake saukewa kyauta, kuma ya ci Oscar a 2025. Fara da sakan biyar, ka gani.