Asabar Biyar Da Ke Hana Iyali Tafiya Hutu A Amurka

Idan aka ce an ba 'yan makaranta dogon hutu, abin da mai karatu zai zata shi ne iyaye da 'ya'yansu sun sami sararin ɗaure kaya su tafi ganin dangi ko shan iska. To, a unguwannin da ke kewaye da birnin Washinton, hedkwatar ƙasar Amurka, akwai dubban gidajen da ba haka abin yake ba. Da zarar an rufe makarantu wajen tsakiyar watan Yuni, sai wata hidimar ta kankama, watau gasar iyo ta yara tsakanin unguwa da unguwa, wadda kan tsare iyali kaf a gida har ƙarshen Yuli. Saboda haka kowace shekara, tun sanyin Janairu bai wuce ba, sai ka tarar mai gida da uwargida sun baza kalanda a gabansu, suna lissafin makon da za su sata su yi tafiya ba tare da sun ɓata da maƙwabta ba.

Asalin abin

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne aka shiga gina sababbin unguwanni a bayan manyan biranen Amurka. Da yake zafin Yuli a Washinton ba na wasa ba ne, ga gumi kamar ana dafa mutum, sai mazauna kowace unguwa suka riƙa haɗa kuɗi suna gina tafkin iyo na siminti, mallakarsu, kowane gida da rabonsa. Malamin tarihi Jeff Wiltse ya nuna a wani littafi da ya wallafa a 2007 cewa a wurare da dama irin waɗannan tafkuna sun yawaita ne daidai lokacin da kotuna suka tilasta a buɗe wa baƙar fata tafkunan hukuma, sai Turawa suka janye suka gina nasu. Wannan wani babi ne dabam, amma bai kamata a ba da labarin a tsallake shi ba.

Da tafkuna suka yi yawa, sai yaran wannan unguwa suka fara karawa da na waccan. A shekarar 1956 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar iyo ta arewacin jihar Bajiniya, wadda ake taƙaita sunanta NVSL. Ta bunƙasa har ta tara ƙungiyoyi fiye da 100 da yara wajen 17,000, an kasa su rukuni 17, shida shida. A hayin kogin Potomac kuwa, cikin gundumar Montgomery ta jihar Merilan, akwai takwararta mai tsari kusan iri ɗaya.

Tunda ƙungiya shida ce a rukuni, kowacce za ta kara da biyar ke nan, kuma kowace karawa da safiyar Asabar ake yinta. Waɗannan su ne Asabar biyar ɗin da ake magana. Bayansu akwai Asabar ta shida, ranar da dukkan ƙungiyoyin rukuni ke haɗuwa wuri guda, sa'an nan ta bakwai, ta gwanaye, inda yara 18 da suka fi kowa sauri a kowane irin tsere suke fafatawa. Wanda bai halarci ta shida ba, ba shi da hanyar shiga ta bakwai, kome gwanintarsa. Ban da waɗannan, akwai horo kowace safiya daga Litinin zuwa Juma'a, da ƙaramar gasa ta maraice a cikin mako domin yaran da ba su sami shiga ta Asabar ba.

Abin da rashin yaro ɗaya ke jawowa

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne abin damuwa don yaro ɗaya ya yi fashin Asabar guda? Sai an duba yadda ake ƙidayar maki za a gane. A Bajiniya ana raba yara bisa ga shekarunsu a ranar 1 ga Yuni: 'yan takwas zuwa ƙasa, 'yan 9 da 10, 'yan 11 da 12, 'yan 13 da 14, sai 'yan 15 zuwa 18, maza dabam mata dabam. Iyon kuma iri huɗu ne, da na gaba wanda kowa ya sani, da na rigingine, da na kwaɗo, da na malam-buɗe-littafi. A kowane tsere na ɗaya yana da maki 5, na biyu 3, na uku 1. Akwai kuma tseren karɓa-karɓa na yara hurhuɗu, wanda ƙungiyar da ta ci ke kwashe maki 5, ɗayar kuwa ta tashi a tutar babu. Jimlar makin ranar 420 ne, wanda ya kai 211 ya yi nasara.

A ce ga yarinya 'yar shekara goma wadda takan ci tsere biyun da doka ta yarda mata ta shiga, kuma ita ce ƙashin bayan 'yan karɓa-karɓa na tsararta. Ran da ba ta nan, makin da ta saba kawowa ba ɓacewa yake yi ba, abokan karawa ne za su iya kwashe shi, ga hasara ga ribar abokin gaba. A ƙaramar unguwa ma abin ya fi haka tsanani, don mai yiwuwa ne 'yan matan da ke wannan tsara huɗu ne cif. In ɗaya ta tafi bakin teku, sai dai mai koyarwa ya ɗauko wata daga ƙannensu ya cike gurbi, in kuwa babu, ukun da suka rage su zauna kallo. Kuma sakamakon bana shi ke nuna rukunin da za a sa ƙungiya baɗi, ko a ɗaga ta ko a sauke ta.

Ba yaron kaɗai ake rashi ba, har da iyayensa. Ban da masu koyarwa, waɗanda galibinsu samari da 'yan mata ne 'yan jami'a da su ma a tafkin suka taso, kusan duk aikin ranar gasa iyaye ne ke yinsa kyauta. Kowane layi mutum uku ke tsayawa a kansa da agogo, layi shida mutum 18 ke nan. Ga alƙalan da ke bin gefen ruwa suna duba ko yaro ya karya ƙa'idar iyo, ga mai ba da alamar tashi, ga masu rubuta maki, ga masu jera ƙananan yara kada su ɓace kafin a kira su, ga masu sayar da abin taɓawa. Gidan da ya yi tafiya, wani gida ne zai ɗauki aikinsa, kuma wannan wani ɗin ba baƙo ba ne, shi ne wanda za ka gaisa da shi gobe a bakin ƙofa.

Watan da ake ta yanka

Maganin da kowa ya sani tun da daɗewa shi ne a bari sai Agusta. Haka Washinton take dama, don Majalisar Dokokin ƙasar kan tafi hutu a wannan wata, gari ya yi shiru. To, amma Agustan ma ya ƙanƙance. A shekarar 1986 jihar Bajiniya ta yi dokar da ta hana buɗe makarantu kafin ranar ma'aikata, watau Litinin ta farko a watan Satumba, har mutane suka laƙa wa dokar sunan Kings Dominion, wani filin wasanni da ke cin kasuwar masu hutu. A 2019 aka sassauta ta, aka yarda makarantu su koma tun kwana 14 kafin wannan rana. A Merilan ma Gwamna Larry Hogan ya ba da umurni a 2016 cewa kada a koma sai bayan ranar ma'aikata, majalisar jihar ta rushe umurnin a 2019. Yanzu yaran manyan gundumomin yankin cikin Agusta suke komawa aji. Daɗin daɗawa, wanda ke da ɗa a sakandare mai buga ƙwallo, tun farkon watan ake kiransa horo. In aka cire wannan aka cire wancan, abin da ya rage wa wani gidan bai fi mako biyu ba, kuma a cikinsu ne kowa da kowa ke neman masauki, ga shi lokacin ne guguwar teku ke fara ƙarfi. A Agustan 2025 sai da hukuma ta kwashe baƙi daga tsibiran Hatteras da Ocracoke saboda guguwar da aka kira Erin.

Waɗannan tsibirai na gaɓar jihar Karolina ta Arewa, da garin Ocean City na Merilan, su ne inda mutanen Washinton suka fi zuwa. Yawancin gidajen haya na can mako mako ake ba da su, da yawa daga Asabar zuwa Asabar, kuma tun watanni kafin lokacin ake kamawa. Ka ga an yi karo ke nan. Iyali na iya gama gasa da tsakar rana su faɗa mota da jiƙaƙƙen kaya, su yi tafiyar awa biyar ko shida su isa da dare. Amma Asabar mai zuwa fa? Ko dai yaro ya rasa gasar, ko a baro gidan da aka biya kuɗinsa tun daren Juma'a. Akwai masu raba ƙafa, uba ya dawo da ɗan iyo, uwa ta tsaya da sauran. Kada kuma a manta, a Amurka babu dokar tarayya da ta wajabta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci hutun shekara da albashi, saboda haka 'yan kwanakin da uba ko uwa suka samu ba abin wasa da su ba ne.

Waɗanda abin ya fi ƙuntata wa su ne baƙin da iyayensu ke wata nahiya. Yankin Washinton cike yake da mutanen Habasha da na Indiya da na Nijeriya. Wanda zai biya kuɗin jirgin mutum biyar don yara su ga kakarsu, ba zai yi kwana shida ya juyo ba, wata guda yake bukata aƙalla. A irin wannan gida ba a maganar satar mako, sai dai a zaɓi shekara: bana iyo, baɗi gida. A 2022 ma Babbar Salla ranar Asabar 9 ga Yuli ta faɗo, tsakiyar lokacin gasar.

Mafarkin zinariya

Wani abin da ke sa iyaye tsoron fashi shi ne labarin Katie Ledecky. Tana da shekara shida ta bi yayanta zuwa ƙungiyar iyo ta Palisades a gundumar Montgomery. Tana da shekara 15 ta ci lambar zinariya a tseren mita 800 a wasannin Olamfik na Landan a 2012, kuma bayan wasannin Faris na 2024 zinariyarta ta kai 9. Michael Phelps, ɗan Baltimore mai zinariya 23, ya sha faɗin cewa ya yi shekaru wajen biyar bai tsallake horo ko na rana ɗaya ba. Uba in ya ji haka, sai ya ga kamar mako guda a gidan kaka shi zai raba ɗansa da ɗaukaka.

A ganina wannan tsoro ba shi da tushe. Gasar unguwa ta mako bakwai ba ita ke yin zakara ba, iyakarta ta sa wa yaro son ruwa. Masu neman nisa sukan shiga wasu ƙungiyoyin da ke horo rani da damina, kuma ko su likitoci na ja musu kunne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa yaron da ya duƙufa kan wasa ɗaya ya riƙa hutawa kwana ɗaya ko biyu a mako, da kuma wata uku a shekara, a rarrabe wata ɗaya ɗaya. A 2020 annobar korona ta sa an soke gasar unguwannin baki ɗaya, da aka dawo a shekarar da ta biyo yaran ba su manta iyo ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu cewa a zauna ita ce ta alkawari. Wanda ya rubuta sunan ɗansa a ƙungiya ya ɗauki nauyin wasu yara uku da ke jiran ya taɓa bango su faɗa ruwa. Shi kuwa alkawari irin wannan ana iya sauke shi da magana a kan kari. Masu koyarwa sukan tsara sunayen 'yan Asabar tun tsakiyar mako, kuma ƙungiyoyi da yawa sukan nemi iyaye su bayyana ranakun da ba za su kasance ba tun kafin a fara. Wanda ya faɗi tun watan Mayu cewa Asabar ta uku ba ya nan, ya kuma nemo wanda zai riƙe masa agogo, da wuya ka ji an yi gunaguni da shi, har ma tafiyarsa kan buɗe wa wani yaron da bai taɓa shiga gasar Asabar ba ƙofa. Wanda ake jin haushinsa shi ne mai aiko da saƙo daren Juma'a.

Shekarun yaro ma abin dubawa ne. Ɗan shekara bakwai bai san rukuni ba, bai san 211 ba, abin da ya dame shi ɗan kintinkirin da za a ba shi da alewar da zai saya. Irinsa in aka ce kakansa ya tsufa, a ɗauke shi a tafi ba tare da wani dogon lissafi ba. Amma ɗan shekara 18 wanda bana ce shekararsa ta ƙarshe, wanda za a kira sunansa a gasar ƙarshe ta gida a karanta tarihinsa a gaban unguwar da ta ga tasowarsa, shi kam ko an saya masa tikiti ba lalle ya yarda ya hau jirgin ba. Gidajen da ke da irin waɗannan biyun a ɗaki ɗaya su ne har Afrilu kalandarsu ba ta sauka daga kan tebur.