Yadda Ake Duba Kulocin Tsohuwar Mota

Cikin tsofaffin motocin da har yanzu akan gani jefi-jefi akwai Volkswagen ɗin nan mai ƙusumbi, wadda Yarbawa ke kira Ijapa, watau kunkuru. An fara harhaɗa ta a Ikko cikin 1975, aka kuwa daina ƙera ta ɗungum cikin 2003 a ƙasar Meziko. Ita na zaɓa in yi bayani a kanta domin kulocinta ba shi da wuyar ganewa, wanda ya fahimci nata ya kama hanyar fahimtar na sauran motoci masu giyar hannu.

Kuloci dai abubuwa uku ne manya. Akwai faifai mai fata a fuskokinsa biyu. Akwai murfi mai sifirin, wanda ke danne faifan nan a jikin fulawil, watau babban ƙarfen da injin ke juyawa. Sa'an nan akwai boris, wanda ke tura murfin ya saki faifan in direba ya taka kuloci. Muddin faifai na danne, ƙarfin injin na isa ƙafafun mota. Da an sake shi sai a sami damar sauya giya.

To, kada mutum ya yi garajen sauke injin. A fara da ƙafa tukuna. A danna matakin kuloci da hannu a hankali: ya kamata ya tafi wajen milimita 10 zuwa 20 sakwaf kafin a ji ya yi nauyi. Kadan babu wannan 'yar tazara, boris yana goga murfi ke nan dare da rana, faifai kuwa ba ya dannuwa sosai. Kadan ta yi yawa, giya za ta riƙa ƙara wajen shiga. A wannan mota waya ce ke jan kuloci, a ƙarshenta kuwa can baya kusa da giyabos akwai noti da ake juyawa a daidaita ta. Sau da yawa aikin ke nan duka, ba a kashe ko kwabo ba. Wayar nan tana bi ta cikin wani bututu mai lanƙwasa, lalle ne a bar shi da ɗan lanƙwasarsa, in ya miƙe sambal mota takan yi karkarwa wajen tashi.

In an daidaita waya abin bai gyaru ba, sai a ja birkin hannu, a sa giya ta huɗu, a ɗan ba da wuta, a saki kuloci sannu sannu. Kuloci mai lafiya zai kashe injin nan take. In injin ya ci gaba da gurnani mota na tsaye, faifai na sulɓi, ba makawa sai an buɗe.

Injin wannan mota a baya yake, kusoshi huɗu kaɗai ke riƙe da shi a jikin giyabos. A cire kan batir, wanda ke ƙarƙashin kujerar baya, a raba bututun mai da wayar totur da wayoyin wuta, a tallafi injin da jak, a ja shi baya a sauke. Amma fa kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa mata matokarai masu ƙarfi.

Murfi yana da kusoshi shida. A yi masa alama da shi da fulawil, sa'an nan a sassauta su kaɗan kaɗan, wannan sai na daura da shi, don kada murfin ya karkace. Baƙar ƙurar da za a tarar a ciki kada a hura ta, ko da baki ko da famfo. Fatar tsofaffin faifai da asbestos aka yi ta, shaƙar ƙurarsa kuwa na jawo mugun ciwon huhu bayan shekaru. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Yanzu ga inda ake bukatar natsuwa, gama faifan da kansa zai gaya maka abin da ya kashe shi. In fatar ta cinye har ta kusa kai kawunan ribit, tsufa ne, ko kuwa direban da ke ɗora ƙafa bisa kuloci yana tafiya. In fulawil ya yi tabo shuɗi-shuɗi ko ƙananan tsagu, zafi ya yi masa yawa, sai a kai a gyare fuskarsa. In kuwa faifan ya jiƙe da mai, laifin ba nasa ba ne. A sansana. Man giya yana da wani wari mai kaifi kamar na farar wuta, shi daga robar sandar giyabos yake yoyo. Baƙin mai kuwa daga robar bayan fulawil yake fitowa, kuma kwance babban notin da ke tsakiyar fulawil sai da dogon ƙarfe da mai taimako. Wanda ya sa sabon faifai ya bar yoyon, ba da daɗewa ba zai sake sauke injin.

A ganina, tun da an riga an sha wahalar saukewa, a sake faifai da murfi da boris gaba ɗaya. Boris ne mafi araha cikinsu, shi ne kuma aka fi ƙyalewa. A tafi kasuwa da tsofaffin a hannu, domin faifan iri biyu ne, mai faɗin milimita 180 da mai 200, kuma tun daga motocin 1971 aka sauya fasalin boris da murfi, na da ba ya zama da na baya.

Wajen mayarwa, gefen faifan da cibiyarsa ta fi tsawo shi ke fuskantar giyabos. A zura tsohuwar sandar giyabos ta cikinsa don ya zauna daidai tsakiya kafin a ɗaure murfi, in ba haka ba injin ba zai koma mazauninsa ba ko an kwana ana turawa. Giris ɗan kaɗan a haƙoran sandar ya isa, kada ya taɓa fata. In injin ya hau, sai a koma kan notin waya a sake auna tazarar nan ta mataki.