Faifai, Iska da Itatuwa: Kimiyyar Wasan Golf na Faifai

A birnin Santa Cruz na jihar Kalifoniya, a ƙasar Amurka, akwai wani wurin shaƙatawa na jama'a da ake kira DeLaveaga. Wuri ne mai tuddai da kwazazzabai, cike da itatuwa, ciki har da itacen turare irin wanda muka sani a nan gida. Tun shekarar 1984 aka shata wani fage a cikinsa domin wasan golf na faifai, kuma masu wasan suna lissafa shi cikin fagage masu wuyar sha'ani. Har gasar duniya an yi a yankin a 2011. To, mene ne yake sa fage ya yi wuya alhali ba abokin hamayya da zai tare ka, ba kuma mai tsaron gida?

Bari mu fara da yadda wasan yake. Ɗan'uwan golf ne, wato ƙwallon lambu, sai dai babu sanda babu ƙwallo. Ɗan wasa yakan tsaya a wani wuri da aka keɓe, ya jefa faifan roba zuwa ga wani kwandon ƙarfe da aka kafa a nesa, wanda sarƙoƙi suke reto a samansa domin su tare faifan ya faɗa ciki. Inda faifan ya sauka, daga nan za a sake jifa. Wanda ya zagaye kwanduna duka da mafi ƙarancin jifa shi ne ya ci. Wani Ba'amurke mai suna Ed Headrick ne ya kafa fage na dindindin na farko a 1975 kusa da Pasadena, shi ne kuma ya ƙago kwandon mai sarƙa. A ƙa'idar wasan, faifan ba ya wuce giram 200 a nauyi, faɗinsa kuma ba ya gaza santimita 21.

Faifan nan fiffike ne. Idan yana keta iska bakinsa na gaba ya ɗan ɗaga, sai ya tura iskar ƙasa, ita kuma ta tura shi sama, kamar dai yadda fiffiken shirwa yake yi. Amma shirwa tana da wutsiya da tsokoki da ƙwaƙwalwa, tana gyara tashinta a kowane lokaci. Faifai ba shi da ko ɗaya, saboda haka idan aka jefa shi ba juyi sai ya wuntsila. Juyi ne yake riƙe shi. Duk yaron da ya taɓa murza katantanwa ya san cewa muddin tana juyawa da ƙarfi tana tsaye, da ta rage gudu kuwa sai ta fara tangaɗi.

A nan ne abin mamakin yake. Abu mai juyawa, idan aka tura shi a wani gefe, ba a nan take yake karkata ba, sai a kashi ɗaya bisa huɗu na zagayensa a gaba. Alal misali, wanda ya yi jifa da hannun dama ta bayan hannu, faifansa zai juya irin juyin hannun agogo idan aka dube shi daga sama. A farkon tashi, lokacin da gudu ya yi yawa, ƙarfin da iska take ɗaga faifan da shi yakan fi faɗawa bayan tsakiyarsa, sai faifan ya karkata dama. Da gudu ya ragu, ƙarfin nan yakan dawo gaban tsakiya, sai ɓangaren dama ya ɗaga, faifan ya kwanta hagu ya sauka. Wato ke nan faifai ba ya bin miƙaƙƙen layi ko da an so. Tafiyarsa ta fi kama da ta maciji. Ƙwararru sukan zo da fayafai iri-iri a jaka, wani mai kaifin baki don nisa, wani mai kauri don kusa da kwando, domin kowane da irin karkatarsa.

Sanannen wuri a fagen DeLaveaga shi ne wanda suke wa laƙabi da Ƙololuwar Duniya, inda ake jifa daga kan tudu zuwa kwando a can ƙasa, nisan da ya haura mita 150. Mai kallo zai ce ai gangara sauƙi ce. Ba haka ba ne. Faifan da yake gangarowa yakan daɗe bai rage gudu ba, don haka karkatarsa zuwa dama takan yi yawa. Idan kuma iska tana tahowa daga gaba, faifan zai ji kamar an jefa shi da ƙarfi fiye da yadda aka yi, sai ya ƙara kaucewa. Ƙaramin kuskure a kan tudu ya zama babba kafin a kai ƙasa.

Sai batun jikin mai jifa, wanda shi ya fi jan hankalina a matsayina na malamin ilimin halittu. Sabon shiga yakan ɗauka da hannu ake jifa. A gaskiya ƙarfin daga ƙafa yake tasowa. Ƙafar gaba ta dafe ƙasa, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, sannan kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, kowace gaɓa tana miƙa wa ƙaramar da ke gabanta gudu, tamkar bulala wadda ƙarshenta ne yake ƙara. Wani bincike da Neil Roach da abokan aikinsa suka wallafa a 2013, kan jifa irin ta dutse, ya nuna cewa jijiyoyin kafaɗar ɗan'adam suna miƙewa su tara ƙarfi kamar robar gwafa, sannan su sake shi gaba ɗaya. Birin chimpanzi, duk da ƙarfinsa, jifarsa ba ta cika wuce kilomita 30 da 'yan kai a awa ba, yayin da ƙwararren mai jefa faifai yakan haura kilomita 100.

Amma ƙarfi ba shi ne maganin kurmi ba. Mu yi ɗan lissafi, ɗalibai su gwada da kansu: idan tazarar da ke tsakanin itatuwa biyu mita 3 ce, kuma suna nesa da mai jifa da mita 60, kusurwar da faifan zai bi ba ta kai digiri 3 ba. Hannun da yake tafiya da irin gudun da muka ambata dole ya saki faifan cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ba tunani ne yake yin wannan aiki ba. Ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya ce take kwatanta abin da aka yi niyya da abin da ya faru, ta riƙa gyara bayan kowane kuskure. Shi ya sa ake buƙatar maimaici mai yawa, shi ya sa kuma gajiyar hawan tudu take ɓata saiti, domin tsokar da ta gaji ba ta amsa umurni daidai yadda ta saba.

Wanda faifansa ya kauce cikin ciyayi kuwa, wata jarrabawar tana jiransa. A gaɓar tekun Kalifoniya akwai tsiron Toxicodendron diversilobum, ɗan dangin mangwaro da kashu. Yana da wani mai da ake kira urushiyol, wanda idan ya taɓa fata yakan tayar da garkuwar jiki, bayan kwana ɗaya ko biyu sai ƙaiƙayi da ƙuraje su fito.

Su ma itatuwan suna jin jiki. A ƙarƙashin ɓawon itace akwai siririn sashe mai rai da yake kai abincin da ganye ya sarrafa zuwa saiwa, da kuma wanda yake haifar da sabon katako. Faifai ɗaya ba zai yi wata illa ba, amma itacen da ke bakin hanyar jifa yana shan duka kullum a wuri guda, har ɓawon ya ɗaye, ƙwayoyin cuta da ƙwari su sami ƙofa. A ganina ma tattaki ya fi wannan muni. Ƙafafun 'yan wasa suna danne ƙasa, ƙananan ramukan da ruwa da iska suke bi su toshe, saiwa ta kasa numfashi, ruwan sama kuma ya kwarara ya tafi da ƙasar a gangare. Tun da wurin na kowa ne, da masu yawo da yara da tsofaffi, masu kula da irin waɗannan fagage sukan naɗe gindin itatuwa da raga ko katako, su zuba ɓarzajjen itace a kan hanya, su kuma riƙa sauya wa kwanduna mazauni lokaci-lokaci domin ƙasar da aka tattake ta huta.